TSUTSAR CIKIN KARA: A TSAGA A DUBA KAFIN A YI FESHI

Laccar da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a garin Danja





Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wani abu da ya shafi noma, tun da yake duk ɗan ƙasar Danja, ko da ya zama babban ma'aikaci a Katsina ko Abuja, da zarar ruwan shuka ya sauka hankalinsa ya koma gida. To, na zaɓi in yi magana a kan tsutsa. Na hango wasu 'yan ajinmu suna murmushi a can baya, kuma su ne dai waɗanda suke sulalewa in an buga ƙararrawar aikin gona. A yi haƙuri a saurara, yau babu fartanya.

Tsutsar da nake nufi ita ce wadda ke zaune a cikin karan tsiro, tana cin totuwarsa daga ciki, musamman a tsire-tsiren da ba wanda ya shuka su: na bakin gona, na saura, na gefen fadama, da itatuwan da muka tarar a gonakin iyayenmu. Abin da nake so mu tashi da shi shi ne, waɗannan tsutsotsi ba su taru sun zama ɗaya ba. Akwai wadda ke jira a daji ta faɗo wa amfaninmu, akwai wadda take yi mana aiki kyauta ba mu sani ba, akwai kuma wadda ba ruwanta da mu sam. Manomin da bai iya bambanta su ba, ko dai ya zubar da kuɗinsa wajen sayen maganin da ba zai yi aiki ba, ko kuwa ya kashe mai taimakonsa da hannunsa.

Bari mu fara da sanin iyayensu. Akwai wani babban jinsi na ƙwari wanda fukafukansu na sama suke da tauri kamar ɓawon gujiya. Buzuzu na cikinsu, haka hangara, haka ƙwaron wake da wanda ke mai da dawa gari a rumbu. Ni a nan zan kira su ƙwari masu sulke. Masana sun rubuta sunayen iri kusan 400,000 na wannan jinsi, wato wajen ɗaya bisa huɗu na dukkan dabbobi da ƙwarin da aka taɓa raɗa wa suna a duniya. Kowane ɗayansu da tsutsa yake farawa. Gwazarmar da muke tonowa a juji, ai 'yar irin waɗannan ƙwari ce.

Masu shiga kara daga cikinsu, yawancinsu gida uku suka fito. Akwai mai dogon baki kamar haurin giwa, akwai mai dogayen ƙahoni da sukan kai tsawon jikinsa ko su fi, sannan akwai mai ƙyalli kamar an shafe shi da tagulla. Hanyar rayuwarsu kusan ɗaya ce. A da yawa daga cikinsu, uwar takan huda kara da bakinta, ta saka ƙwai a ramin, wata ma har ta toshe bakin ramin. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta shiga ci tana haƙa hanya, tana barin wani gari-gari a bayanta. In ta ƙoshi sai ta gyara ɗaki a cikin karan ta yi kwanci, ba ci ba motsi, har halittarta ta juye ta zama ƙwaro, ya huda ƙofa ya fito. Saboda haka duk ramin da kuka gani a jikin kara, mai faɗi kuma zagayayye, galibi ƙofar fita ce, ɓarawo ya riga ya tafi.

Akwai kuma wasu tsutsotsin kara waɗanda iyayensu ba masu sulke ba ne, faɗa-wuta ne, irin mai rububin fitila da dare. Ita ce tsutsar da muka fi sani a karan dawa da masara da gero. Bambanta su ba wuya. A ɗora tsutsa a tafin hannu. In tana da ƙafafu shida a gaba, da wasu gajerun ƙafafu masu tsoka a tsakiyar ciki, tana kuma tafiya sosai, to 'yar faɗa-wuta ce. In kuwa fara ce sol, ba ƙafa, kanta ja-ja, ta lanƙwashe kamar jinjirin wata, 'yar mai dogon baki ce. Doguwa mai gaɓa-gaɓa mai kaurin wuya, ta mai ƙahoni ce. Mai faffaɗan gaba kamar an danne ta da guduma, ta mai ƙyalli ce. Wannan ɗan sanin kaɗai ya fi rabin abin da wasu masu sayar da magani a kasuwa suka sani.

Misali na farko yana nan a lambunanmu. Duk mai noman alayyafo a fadama, musamman wanda ke barin wasu tushe su yi iri, ya san yadda kara kan kumbura, ya tsage, ganye ya yi yaushi alhali an ba shi ruwa, iska kaɗan ta kaɗo ya karye. In ka tsaga sai ka tarar da farar tsutsa a lanƙwashe, totuwar ta zama baƙa. Wannan aikin mai dogon baki ne, kuma ɗaya daga cikin irin da aka fi samu a Nijeriya masana na kiransa Gasteroclisus. To ina yake zama a lokacin da babu alayyafo a lambu? Yana cikin 'yan'uwan alayyafo na daji, irin su rukuɓu da namijin gasaya mai ƙaya, waɗanda ke tsaye a bakin rijiya da kan juji da gefen kwalbati shekara duka. Mai lambu ya yi feshi sau uku a kan alayyafonsa, ya bar namijin gasaya ya yi ƙato a bayan shingensa, sannan ya ce magani jabu ne. A nan kam maganin na hannu ne: a tuge waɗannan na dajin da ke kewaye da fangali kafin a yi shuka, in an gama yanka kuma kada a bar tsofaffin kututture a tsaye, a tuge su a shanya su bushe a ƙone.

Misali na biyu ya shafi auduga, wadda ita ce ta gina Funtuwa da Malumfashi, ita ta biya wa da yawanmu kuɗin makaranta. Auduga tana da dangi da yawa: kuɓewa, da rama, da yakuwa, da ramaniya ta daji, duk gida ɗaya ne a wajen masana tsirrai. Ƙwaro kuwa ba ya duba wanda aka shuka da wanda ya fito da kansa, ɗanɗanon gidan yake bi. Akwai mai ƙyalli da ake kira Sphenoptera, wanda tsutsarsa ke shiga karan auduga ta gangara wajen saiwa, tsiron ya bushe a tsaye. Akwai kuma wasu masu dogon baki da ke yi wa karan auduga da kuɓewa irin wannan ɓarna. Dattawan da ke wurin nan za su tuna zamanin da doka ce a tuge karan auduga a ƙone bayan an gama tsinka, malamin gona da dogari suna zagayawa, wanda ya bar gyauro a gonarsa ya sha tara. Mutane sun ɗauke shi a matsayin takurar Nasara da En'e. Amma hikimar ita ce a samu 'yan watanni da babu auduga ko ɗaya a ƙasa, don tsutsar ƙwallo da ta kara su rasa abinci. Bayan an rushe Hukumar Auduga tare da sauran hukumomin sayen amfanin gona a 1986, wannan sa ido ya yi rauni ƙwarai. A ganina, a cikin abubuwan da muka yar na wancan zamani, wannan na cikin waɗanda ya kamata mu koma mu tsinto, ba da dogari ba, da shawara tsakanin maƙwabtan gona. Mutum ɗaya in ya bar gyauro, ya ajiye wa unguwa duka iri.

Wani zai ce, to tsutsar da ke cikin ciyawar da ba ta da dangi a gonata fa, ina ruwana da ita? Bari in kai ku Amurka. Akwai wani ɗan ƙaramin mai ƙahoni a can, ana kiransa Dectes, wanda tun fil azal tsutsarsa a cikin karan wasu ciyayi na bakin hanya take zaune, ba wanda ya kula da shi. Da manoman ƙasar suka faɗaɗa noman waken suya, suka share sauruka suka maye su da shi, sai ga shi wajen ƙarshen shekarun 1960 ƙwaron nan ya koma cikin karan waken suya. Tsutsar takan cinye totuwa duk damina, in kaka ta gabato ta gangaro gindi ta yanke karan daga ciki, ta kwanta a cikin kututture. Manomi ya zo girbi ya tarar wake ya zube ƙasa. Haka ma a Afirka ta Kudu, wata tsutsar faɗa-wuta da ake kira Eldana, wadda gidanta na asali ciyayin bakin ruwa ne, ta koma cikin rake, tun daga 1970 ta zama babbar annobar masu rake a can. Ban kawo waɗannan don in tsorata kowa ba. Na kawo su ne don mu ma a nan ƙasar tamu ta canza a idonmu. Waken suya da masara sun cinye wuraren da a da dawa da auduga ne ko saura, fadamun da ke da ciyawa sun zama rake da tumatir. In ka rushe wa ƙwaro gidansa, ka kafa masa abinci mai taki a wurin, ba lalle ne ya mutu ba, yana iya koyon cin naka. Masu tumatir da suka ga abin da sharon ta yi a 2016 ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan baƙon ƙwaro.

Yanzu mu ɗaga kai sama, mu dubi itatuwa. Wataƙila wasunku sun taɓa ganin reshen kuka ko na rimi ko na faru a ƙasa, an yanke shi zagaye kamar da zarto, har a yi zargin yara ko makiyaya. Sau da yawa aikin wani ƙaton mai ƙahoni ne, baƙi mai ratsi uku ruwan lemo a bayansa, masana na kiransa Analeptes. Shi da matarsa sukan gwagwiye ɓawon reshe su zagaye shi, ruwa ya daina hawa, reshen ya bushe, sannan ta saka ƙwai a ɓangaren da ya mutu, domin tsutsarta busasshen itace take so. Itatuwan daji ne abincinsa na asali, amma da aka yawaita dasa kashu a Afirka ta Yamma, har da Nijeriya, sai ya zama ciwon kan masu gonar kashu. Waɗanda suka fara dasa kashu a cikinmu su lura. Maganinsa mai sauƙi ne: a tattara rassan da ya yanke a kai murhu tun tsutsar na ciki.

Labarin bai tsaya nan ba, kuma wannan ɓangaren ne ya fi ba ni mamaki. Akwai wani ɗan ƙwaro mai huda itace, asalinsa daga Amurka ta Tsakiya, wanda ya shigo Afirka, aka fara ganinsa a Tanzaniya wajen ƙarshen shekarun 1970, sannan a Togo a 1984, daga nan ya bazu zuwa Binin da kudancin Nijeriya. Wannan ƙwaro masara yake ci a rumbu, da busasshen rogo, yakan mai da su gari cikin 'yan watanni. Masu bincike suka yi ta mamakin yadda tarkonsu ke kama shi a tsakiyar kurmi, inda babu rumbu ko ɗaya. Da aka bi sawu a ƙasar Binin, sai aka tarar yana hayayyafa a cikin irin rassan nan da masu ƙahoni suka yanke. Ku duba fa: wani ƙwaro ya yanke reshe a daji don 'ya'yansa, wani ya zo ya tare a ciki, daga nan ya tashi ya faɗa rumbun manomi. Maganin da aka samo masa shi ma ƙwaro ne mai sulke, ɗan ƙasarsu, wanda ke bin ramukansa yana cinye ƙwai da tsutsa. An sake shi a Togo a 1991.

Wannan ya kawo mu ga masu taimako, waɗanda su ne ainihin dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana.

Babu manomin dawa ko masara a ƙasar nan da bai san wuta-wuta ba, ko ƙuduji kamar yadda wasu ke ce mata. Tushe ɗaya yakan zubar da dubun-dubatar iri, ƙanana kamar ƙura, kuma irin yakan yi fiye da shekara 10 a ƙasa yana jiran saiwar dawa. To, in kaka ta yi ku je gonar da wuta-wuta ta yi fure, ku dubi 'yan kwanson da ke maye furen. Za ku ga wasu sun kumbura sun yi ƙulu-ƙulu, sun fi sauran girma. A fasa ɗaya da farce, za a ga 'yar farar tsutsa a ciki, iri kuwa babu, ko ɗan kaɗan. Uwarta wata 'yar mitsitsiyar mai dogon baki ce da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, masana na kiranta Smicronyx. Ita ba ta taɓa dawa, ba ta taɓa masara, wuta-wuta kawai ta sa a gaba. In tsutsar ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa ta shige, ta yi kwanci duk rani, ta fito da damina. An yi bincike a kanta a Burkina Faso da Mali da nan Nijeriya. Gaskiyar magana, ita kaɗai ba za ta iya kawar da wuta-wuta ba, domin irin ya yi yawa, sai an lalata kusan dukkansa kowace shekara kafin a ga ragi. Dole a haɗa da tugewa kafin fure ya zuba, da taki, da juya shuka da waken suya ko gyaɗa ko auduga, da irin masara da dawa masu jurewa. Amma duk da haka, kowane kwanso da ta lalata ɗaruruwan iri ne da ba za su shiga gonarka ba, ba ka biya ta ko kwabo ba. Kai kuma ka ɗauko injin feshi ka bi gona da maganin da ba ya tambayar sunan kowa.

A wasu wurare ma da gangan ake kiwon irin waɗannan ƙwari a sake su. Akwai wata baƙuwar ciyawar ruwa mai kama da kainuwa, mai shuɗin fure, 'yar asalin Amurka ta Kudu, wadda ta bayyana a ruwan Legas a 1984, daga baya ta kai tafkin Kainji, tana toshe hanyar jirage da ta masunta. A Tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka ta taɓa rufe tashoshin jiragen ruwa ruf. Abin da ya taimaka wajen karya ta shi ne wasu masu dogon baki iri biyu da aka ɗauko daga ƙasarta ta asali, waɗanda tsutsarsu ke huda karanta har ruwa ya shiga ya ruɓe. An sake su a Binin tun daga 1991, a Yuganda da Kenya kuma a tsakiyar shekarun 1990, kafin shekara ta 2000 ciyawar ta ja baya ƙwarai a tafkin. Aikin da injuna da magani suka kasa, tsutsar cikin kara ta yi shi.

Saura maganar gamba da kyasuwa da sauran ciyayin bakin gona, domin na san a nan ne za a yi mini gardama. Mun taso muna jin cewa tsutsar karan dawa a cikin ciyawa take ɓuya da rani, don haka a banka wa daji wuta. Binciken da aka yi a Samaru tun shekarun 1950, wanda K. M. Harris ya wallafa a 1962, ya nuna inda take ɓuya. Tsutsar da ta fi damun dawa a ƙasarmu, wadda ake kira Busseola, a cikin busasshen karan dawar take kwana, wata shida ko fiye ba ci ba sha. Karan nan da muka jingine a gindin itace, da wanda muka yi danga da shi, da wanda muka tara don girki. In ruwan farko ya sauka sai ta farka, ta zama faɗa-wuta, ta tashi ta saka ƙwai a sabuwar shuka. Tsutsar gero ma haka take yi a cikin karan gero. Wato dai a ka muke ɗauko ta mu kawo gida, mu yi mata inuwa, sannan mu je mu ƙone dajin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Binciken da aka yi daga baya a Gabashin Afirka ya ƙara nuna cewa yawancin tsutsotsin da ke cikin ciyayin daji wasu iri ne dabam masu kama da ita, waɗanda ba sa zuwa gona, ita kuwa in ba a dawar daji ba da wuya a same ta. A Afirka ta Yamma kuma an lura cewa gonakin da ke kusa da ciyayi sau da yawa tsutsa ta fi ƙaranci a cikinsu. Dalili biyu ne. Faɗa-wuta kan yi ɓatan kai ta saka ƙwai a ciyawar, 'ya'yan su mutu don karan ya yi musu siriri. Sannan a cikin ciyawar ne wasu ƙananan dangin zanzaro ke zama, masu saka ƙwansu a jikin tsutsa su cinye ta da rai. A kan wannan hikima ce masana a Kenya suka gina wata dabara a shekarun 1990, ta kewaye gonar masara da ciyawar giwa don ta janye faɗa-wuta.

To yaya za a yi da karan, tun da ba za mu iya rabuwa da shi ba? Masana biyu na Samaru, Adesiyun da Ajayi, sun wallafa amsa a 1980. Da an yanke zangarniya, tun karan yana da sauran ɗanye, a kwantar da shi a babbake shi sama-sama, ganyen ya ci wuta, karan bai ƙone ba. Sun samu cewa zafin yana kashe kashi 95 cikin 100 na tsutsar, karan kuma ya ƙara ƙwari wajen danga da jinka. Na san aibinsa: an yi asarar karmamin da dabbobi za su ci, kuma a yau da kara ya zama kuɗi ba kowa zai yarda ba. Wanda ba zai babbake ba, ya baza karan a kwance a rana, kada ya tsayar da shi a inuwa, domin zafin ƙasa na bazara yana kashe da yawa. Wanda aka ajiye don girki kuma a yi ƙoƙari a ƙone shi kafin ruwan farko. Shekara fiye da 40 ke nan da wannan sani, Samaru kuwa ga ta nan ta hanyar Hunƙuyi, amma ku tambayi manoma goma a kasuwar Danja ku ji nawa suka taɓa jin labarinsa.

Game da feshi, magana ɗaya zan yi. Tsutsar da ta riga ta shige kara, maganin da aka fesa a ganye ba ya isa gare ta, kamar mai jifan wanda ke cikin soro ne. In za a yi, lokacinsa 'yan kwanaki ne, tun tana ƙarama tana cin ganye a cikin ƙoƙon dawa ko masara, alamarta ƙananan huji a jere a sabon ganye. In tsakiyar tsiro ya riga ya bushe, an makara, a tuge shi a ba dabba ko a binne. Feshin da aka yi bayan haka zuma yake kashewa, da zanzaro, da mai cin irin wuta-wuta, ragowar kuma ta gangara fadamar da muke sha. Haka nan maganin ciyawa da yanzu ake bin iyakar gona da shi har ƙasa ta yi fes. Tafasa da rama da lalo da iyayenmu mata ke tsinka a bakin gona suna tafiya tare da shi.

Shugaban taro, ina da roƙo ga wannan ƙungiya, kuma ba na kuɗi mai yawa ba ne. Mun saba in mun taru mu yi alkawarin fenti da benci, kuma suna da kyau. Ina so bana mu ƙara da farfaɗo da ƙungiyar matasa manoma ta makarantar nan, mu ba malamin kimiyyar noma abin aiki: kwalabe masu faɗin baki, da yadin gidan sauro, da reza, da madubin ƙara girma ko guda goma, da babban littafin rajista. Aikin shi ne, daga watan Agusta zuwa Disamba kowane ɗalibi ya kawo karan da ya ga alamar huji ko kumburi, daga gonarsu ko saura ko fadama. A tsaga wasu a dubi tsutsar, a sa wasu a kwalba a rufe da yadi, a jira a ga abin da zai fito. A rubuta sunan tsiron da Hausa kamar yadda tsofaffin garin ke kiransa, da ƙauyen da aka samo shi, ko Dabai ne ko Kahutu ko Tandama, da ranar. Wani lokaci ƙwaro zai fito, wani lokaci faɗa-wuta, wani lokaci kuma ɗan zanzaron da ya cinye tsutsar, yaro ya gani da idonsa. Abin da aka kasa ganewa a kai wa malaman gona na KTARDA, ko sashen kare amfanin gona na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, inda suke da ɗakin ajiye ƙwari na shekaru masu yawa.

In aka yi haka shekara uku a jere, makarantar nan za ta mallaki rajistar tsutsotsin kara na ƙasar Danja da sunayen tsirranmu, kuma in wani baƙon ƙwaro ya fara shiga waken suya ko rake, yaranmu ne za su fara ganinsa. Ni na ɗauki nauyin madubai da littafin rajista, zan kuma riƙa zuwa ranar Asabar ɗin farko ta kowane wata a lokacin kaka. 'Yan ajinmu na can baya, kwalabe da yadi naku ne, ma'aji na nan da takarda a bakin ƙofa.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.